Sabon Kwano a Kan Tsohuwar Azara

Akwai wani direban babbar mota a Magama ta Jibiya, nan bakin iyakarmu da Nijar, sunansa Ummaru. Shekara goma sha bakwai yana kan hanya. Yau yana Maraɗi, gobe Agadas, wani lokacin sai ya yi wata biyu bai kwana gida ba. Mutum ne mai surutu da barkwanci, amma in aka zo batun mahaifiyarsa, Inna Fatu, to wasa ya ƙare.

Inna Fatu ta haura shekara saba'in. Ita kaɗai take zaune a tsohon gidan mijinta, cikin soron ƙasa da marigayin ya gina da hannunsa. Ummaru ya yi ya yi ta koma gidansa na siminti, ta kafe. Ta ce ita ba za ta iya da ɗakin da yake dafa mutum da rana ba, a bar ta a soronta mai sanyi.

To soron nan kuwa ya tsufa. Damina biyu a jere yana yoyo. Da an fara ruwa sai ka ga tsohuwa tana jera roba da tukunya a tsakar ɗaki, tana jan gado daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ummaru ya ga abin da idonsa, ya rantse damina ta uku ba za ta same ta a haka ba.

Kafin mu ci gaba, sai kun san Ɗanladi.

Ɗanladi ɗan maƙwabta ne. Yana shekara shida mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa kuma ya shiga duniya. Inna Fatu ce ta ɗauke shi. Tabarma ɗaya suka kwana da Ummaru, bulala ɗaya suka sha. Ita ta kai shi koyon kafinta. Da ya tashi aure, ita ta haɗa lefe, ita ta ja ayarin mata har Maraɗi aka ɗauko masa matarsa Na'ima.

Akwai wani ɗan akushi da take zuba masa tuwo tun yana yaro. Ya tsage a gefe, aka ɗinke shi da waya. Har ya yi gemu, har ya yi aure, duk ranar Juma'a in aka sauko daga masallaci sai ya zo ya zauna a tsakar gidanta ya ci tuwon dawa a cikin akushin nan. Ko Ummaru bai isa ya taɓa shi ba.

Da bazara ta kama, Ummaru ya fara kiran Baba Zunnuraini ya duba soron. Tsohon magini ne, yawancin sorayen unguwar da hannunsa a ciki. Ba ya yawan magana, kuma ba ya duba rufi da ido kawai. Ya shiga ɗakin, ya hau turmi, ya riƙa ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya da ƙotar gudumarsa, yana kasa kunne. Azara, ga waɗanda suka tashi a birni, ita ce itacen giginya da ake girkawa a kan bango ta ɗauki nauyin ƙasar rufi.

Ya daɗe a kan waɗanda suke saitin gado. Sannan ya sauko ya kaɗe hannunsa.

Ya gaya wa Ummaru cewa ruwan da ya shekara yana shiga ya ruɓar da bakin azarar, daidai inda ta shiga bango, gara kuma ta samu hanya. Daga ƙasa za ka gan ta lafiya lau, amma ciki fanko ne. Ya ce sai an sauke ƙasar rufin gaba ɗaya, a zare azarar, a sa sabon katako, sannan a buga kwano. Aikin sati uku ne.

Ummaru ya tambaye shi ko ba za a ɗora kwano a saman soron kawai ba, yadda mutane da yawa suke yi.

Baba ya ce, "Ana yi, in azara na da rai. Wagga ta mutu. Kwano zai tare ruwa, amma ba zai ɗauke nauyin ƙasar da ke bisa kan tsohuwa ba."

Labari ya kai wa Ɗanladi kafin la'asar. Ya zo da fushinsa. Ya ce yana raye, yana da guduma da zarto, za a kira bare ya duba ɗakin uwarsa? Ya ce tsofaffin maginan nan haka suke, sai sun ja aikin kwana uku ya zama na wata. Shi a ganinsa a ɗora sabon kwano a kan soron, yoyo ya tsaya, sanyin ɗaki ya zauna, Inna ba sai ta bar gidanta ba.

Inna Fatu ta ji daɗin wannan magana, don ba ta son a taɓa aikin hannun mijinta. Amma Ummaru ya ji ƙarar azarar nan da kunnensa, kuma ƙarar ba ta bar shi ba. Ya yi kwana biyu yana juya abin. A ƙarshe ya raba gardama: aiki na Ɗanladi ne, amma yadda Baba Zunnuraini ya faɗa za a yi shi.

Ya lallashi tsohuwa har ta yarda. Ya tafi Katsina da kansa ya zaɓo katako mai kauri, da kwano, da silin, aka sauke a tsakar gida. Ya kai Inna Daddara wurin ƙanwarsa Safara'u ta zauna kafin a gama. Shi kuma lodi ya same shi zuwa Agadas.

Da safen da zai tashi, a gindin motarsa, ya riƙe hannun Ɗanladi ya ce masa kada ya bar ko azara ɗaya. Ɗanladi har ya nuna ransa ya ɓaci.

Ya ce, "Haba Ummaru, ni kake gaya ma wannan? Kai ta haife ka, ni ta zaɓe ni. Tahi abinka."

Ummaru ya ja mota hankalinsa kwance.

Yanzu ku ji abin da ya faru a gidan nan bayan an rufe ƙofa, don ni nan ne raina yake ɓaci duk lokacin da na tuna.

Ranar farko Ɗanladi ya hau turmi da kansa. Ya soka ƙusa a bakin azarar da ke saitin gado, ƙusa ta shige kamar a cikin dafaffiyar doya. Ya gani. Kada wani ya ce mini bai sani ba. Ya san tsohon ya yi gaskiya.

Amma a satin nan wani attajiri ya ba shi rufin shaguna goma sha biyu a bakin iyaka, da sharaɗin ya fara nan da kwana biyar ko a ba wani. Ga kuma sabon ɗakin da yake gina wa Na'ima, mai juna biyu, ya tsaya ba rufi. Ga katako mai kauri a jibge a gabansa, ba mai gadi sai Allah.

Sai ya fara yi wa kansa huɗuba. Ai soron ya kai shekara arba'in bai faɗi ba, damina ɗaya ba za ta kayar da shi ba. Ai in ruwa ya daina shiga, ruɓa za ta tsaya. Ai da kaka ta yi zai dawo ya gyara ba tare da kowa ya sani ba. Kun san irin wannan huɗubar, kowa ya taɓa yi wa kansa ita.

Ya samo siraran katakai ya girka a saman soron, ya buga sabon kwano a kai. Ya ɗora layin bulo a gefe ya shafe da siminti, tsohon rufi ya ɓace, har indararon da ruwa yake bi ya toshe. Ya shiga ciki ya lulluɓe azarar da farin silin. Daga sama sabo, daga ƙasa sabo, mutuwa a tsakiya. Katako mai kauri kuwa, a amalanke ya bi ta bayan layi zuwa gidansa.

Kwana huɗu ya gama. Ya bar gidan a kulle har sati uku suka cika, don lissafin kwanaki ya yi daidai da abin da aka yi alkawari. Sannan ya ɗauki hotuna ya tura wa Ummaru a waya. Ummaru yana can cikin rairayi ya riƙa nuna wa direbobi yana cewa su ga aikin ɗan'uwansa.

Ranar da Inna Fatu ta dawo daga Daddara, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon farin silin har hawaye ya zubo mata. Ta dafa kan Ɗanladi ta yi ta sa masa albarka. Ta roƙi Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa mata ɗaki. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana amsawa da amin. Wallahi ban san yadda bakinsa ya iya furta ta ba.

Abin da ya fi burge tsohuwa shi ne ɗakin bai canza hali ba. Ta yi zaton za ta sha zafi, sai ta ji sanyi kamar da. Da ruwan farko ya sauka, ko ɗigo bai shigo ba, kuma ba wata ƙara. Duk wadda ta shigo gaishe ta sai ta ba ta labarin kwanon Ɗanladi da ba ya zafi, ba ya surutu.

Akwai dai wata 'yar ƙasa mai laushi da take sharewa kowace safiya a gefen gado. Ta ɗauka iska ce take shigo da ita.

Damina ta yi nisa, sai aka rufe iyaka. Waɗanda suke yankin sun san yadda aka sha. Manyan motoci suka yi layi a Magama, direbobi suka koma zaman jira, ba gaba ba baya. Ummaru ma ya ajiye mota. Kullum da hantsi yana teburin mai shayi, ana hira ana kashe lokaci.

Wata rana ana zaune, yayyafi ya sauko a kan rumfar mai shayin, ƙarar kwano ta hana kowa jin maganar kowa. Ummaru ya ɗaga murya yana dariya, ya ce wannan ai aikin 'yan koyo ne. Su je ɗakin Inna su ga kwano, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya amma kana iya jin motsin carbi.

Baba Zunnuraini yana ƙarshen benci. Ya ajiye kofinsa.

Ya sa Ummaru ya maimaita. Ya tambaye shi ko ɗakin yana zafi da azahar, Ummaru ya ce ko kaɗan. Sai tsohon ya ce shekararsa hamsin yana hawa rufi, bai taɓa ganin kwanon da ruwa zai daka ya yi shiru ba, sai in akwai ƙasa a ƙarƙashinsa.

Ummaru ya harzuƙa. A gaban mutane ya ce wa tsohon da ya isa ya haife shi hassada ce take damun sa, don ba shi aka ba aikin ba. Baba ya ture kofinsa gefe. Ya tashi ya gyara hularsa.

Ya ce, "Ƙasar soro guda ta fi amalanke goma. Tambayi ɗan'uwan naka inda ya zuba ta. In ka ga tulin, ka zo ka zage ni da hujja."

Maganar ta tsaya wa Ummaru a rai. Da yamma ya biya shagon Ɗanladi, ya kawo zancen cikin wasa. Ɗanladi ko gezau. Ya ce wani mutumin ƙauyen Riko ne ya kwashe ƙasar zai cike rami a gonarsa, shirun kuma aikin silin ne, irin mai kauri ya sa. Sannan ya kalli Ummaru ya tambaye shi ko yanzu an kai matsayin da za a riƙa bincikar sa a kan Inna.

Kunya ta kama Ummaru. Shi ne ma ya ƙare da ba da haƙuri.

Ana cikin haka Na'ima ta sauka, ta haifi 'ya mace, aka raɗa mata Amatullahi. Haihuwar fari ce, kuma kun san al'ada: mai jego gidan iyayenta take tafiya, uwa ta yi mata wanka na kwana arba'in. To iyayen Na'ima suna Maraɗi, hanya a rufe. Masu ƙarfin hali suna bi ta daji a kan babur, amma wa zai ɗora ɗanyen jiki da jaririya a kan wannan hanya?

Inna Fatu ta ce ai ba abin damuwa ba ne. In uwar Maraɗi ba ta samu zuwa ba, ga uwar Magama. Na'ima za ta yi arba'in ɗinta a ɗakinta mai sanyi, ita za ta yi mata wanka da hannunta. Tsohuwa ta tashi haiƙan. Ta sa aka kawo itace, aka wanke babbar tukunya, aka yanko ganyen darbejiya, ta jiƙa gero don kunun kanwa. Ta sa aka shigo da ƙaramin gado aka ajiye kusa da nata.

Ɗanladi da jin haka sai ya fara kame-kame. Ya ce ɗakin ya yi ƙanƙanta. Inna ta yi dariya ta ce a ɗakin nan ta raine su su uku. Ya ce ba ya so a wahalar da ita. Ta ce wahalarsa da ta sha tun yana fitsarin kwance ba ta kashe ta ba. Ya ce a bari dai sai bayan sati biyu. Ta ce to, yadda tsofaffi suke cewa to in sun riga sun gama shawara.

Ranar Juma'a, maza suna masallaci, ta aika mata biyu suka ɗauko Na'ima da jaririya da kayansu. Nufinta in ya zo cin tuwo ya tarar an gama, ya yi ta borin kunyarsa.

Aka sauko daga masallaci. Ummaru da Ɗanladi suka shigo gidan tare, kamar kowace Juma'a. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ganyen darbejiyar da aka jibge. An shimfiɗa tabarma a rumfa, ga akushin Ɗanladi a rufe da faifai.

Yana shirin zama sai ya ga takalman Na'ima a bakin ƙofar soron. Sai kuma kukan jaririya daga ciki. A daidai lokacin iska ta bugi kwanon, wani abu ya yi ƙara a sama.

Jama'a, Ɗanladi bai san sanda ya yi tsalle ba. Ko takalmi bai cire ba ya faɗa ɗakin. Ya fizge jaririyar daga cinyar Inna Fatu, ya damƙi hannun matarsa yana jan ta.

"Fito! Na'ima fito mani daga ɗakin nan! Wa ya ce ki shigo nan?"

Ya fito da su har tsakiyar gida, can nesa da bango, ya rungume 'yarsa yana haki, idonsa a kan rufin.

Inna Fatu tana zaune a bakin gadonta, hannuwanta a buɗe yadda aka cire jaririyar. Ɗanladi bai ce mata ta fito ba. Ko waiwayar ta bai yi ba.

Ummaru yana tsaye yana kallo. Ya kalli Ɗanladi, ya bi idonsa zuwa rufin, ya kalli mahaifiyarsa a ciki. Maganar Baba Zunnuraini ta dawo masa gaba ɗaya. Ya shiga ya ɗauki tsohuwa cak, yadda ake ɗaukar yaro, ya fito da ita ya zaunar a rumfa.

Sannan ya juyo. Muryarsa ko sama ba ta yi ba.

Ya ce, "Ɗanladi, me ke cikin rufin nan da ɗiyarka ba za ta yi minti biyar a ƙarƙashinsa ba, amma uwata ta kwana wata huɗu?"

Na'ima ta karɓi 'yarta tana kallon mijinta kamar yau ta fara ganin sa.

Ummaru ya fita da kansa, ya tarar da Baba Zunnuraini a ƙofar gidansa. Ya durƙusa har ƙasa ya nemi gafara, ya roƙe shi ya zo. Tsohon bai tsaya jan rai ba. Ya saɓa babbar rigarsa ya biyo shi.

Kafin su iso maƙwabta sun taru, don ihun Ɗanladi ya kai har layi na biyu. Baba ya sa kowa ya ja baya. Bai yarda ya shiga ɗakin ba. Ya ce a miƙo masa taɓarya. Daga bakin ƙofa ya zura ta ya ɓalle silin ɗin da ke saitin gado.

Ƙasa ta zubo. Ga tsohuwar azarar nan, baƙa, ta lanƙwaso kamar bayan tsohon jaki, gara ta yi mata hanyoyi. Indararon da aka toshe ya sa ɗan ruwan da yake sulalowa ta gefe ya rasa mafita, ya yi ta taruwa a bakin bango. Mata suka ɗauki salati.

Baba ya daki azarar da taɓarya sau ɗaya. Ya sake. A na uku ta karye.

Ƙarar da aka ji, wasu sun ɗauka tsawa ce. Rabin soron ya rufto. Da ƙura ta lafa aka leƙa, ba a ganin gadon Inna Fatu, sai ƙafarsa ɗaya da ta leƙo daga ƙarƙashin ƙasa. Ƙaramin gadon da aka shigo da shi don mai jego ya rabe biyu. A sama kuwa sabon kwano yana nan yana ƙyalli, ko lanƙwasa bai yi ba.

Dukan tsoho ɗan shekara saba'in, sau uku, da taɓarya. Abin da ya rage tsakanin Inna Fatu da kabari ke nan.

Ɗanladi ya zube a ƙasa yana kuka. Ya faɗi komai: shagunan, katakon, amalanken da ya bi ta bayan layi. Ya yi ta rantsuwa cewa ya yi niyyar gyarawa da kaka. Idon Ummaru ya rufe, ya ɗaga hannu zai kai masa duka, Inna ta kira sunansa sau ɗaya. Ya sauke hannun, ya juya ya kifa kansa a bango, ƙato da shi yana kuka kamar yaro. Ba faɗuwar ɗakin ce ta sa shi kuka ba. Tunawa ya yi shi ne ya ba Ɗanladi haƙuri.

Inna Fatu ba ta yi kuka ba. Ta fara da Na'ima, wadda ta tsaya a gefe kunya ta hana ta ɗaga kai. Ta ce mata ta share hawayenta, ita ba ta da laifi, jaririya ma ba ta da laifi. Za su koma gidan Ummaru su uku, kuma wankan arba'in ba fashi, ko kwana ɗaya ba za a rage ba.

Sannan ta jawo akushin nan. Ta juye tuwon a wani mazubi, ta sa aka ba ta ruwa ta wanke shi da hannunta, ta goge da bakin zanenta, har wurin ɗinkin wayar. Ta kira Ɗanladi, ya matso da gwiwa.

Ta ce, "Katako na yafe maka. Ƙaryar da ka yi mani, ita ma na yafe, don kada Allah ya kama ka saboda ni. Amma Ɗanladi, da ka shigo da gudu, mu uku muke cikin ɗakin nan. Biyu ka gani."

Ta ɗora masa akushin a hannu.

"Riƙe abinka. Ka gama cin tuwona."

Wallahi waɗanda suke wurin sun ce gara a ce Ummaru ya dake shi.

Inna ta cika alkawari. Kwana arba'in tana tashi tana hura wuta, tana yi wa Na'ima wanka, tana dama mata kunu, tana goya Amatullahi. Ɗanladi yana zuwa ƙofar gida ya tsaya, a fito masa da 'yarsa ya gani. In ya aika gaisuwa, Inna tana amsawa. Ba ta taɓa zagin sa ba, ba ta kuma sake ce masa ya shigo ba.

Labari bai kwana ba ya zaga Magama. Mai shagunan nan ya sa aka ɓalle silin ɗinsa aka duba. Duk wanda Ɗanladi ya taɓa yi wa rufi sai da ya kira wani ya leƙa masa, har waɗanda ya yi wa aiki na gaskiya. Ya kwance katakon daga ɗakin matarsa da hannunsa ya mayar, Ummaru ya ce a ajiye a waje. Yau in ka bi ta bakin iyaka za ka gan shi yana gyaran benci da teburin masu shayi. Ba wanda yake ba shi abin da mutum zai kwana a ƙarƙashinsa.

Baba Zunnuraini ne ya sake rufin bayan damina. Ya kwashe ƙasar duka, wadda ta rufto da wadda ta rage, amalanke goma sha ɗaya, Ummaru yana tsaye. Yanzu ɗakin Inna Fatu yana zafi da azahar, in ana ruwa kuma sai ta ɗaga murya kafin a ji ta. Kullum tana mita. Ummaru kuwa ya ce duk duniya ba ƙarar da ta fi wannan yi masa daɗi.

Na'ima ta gaya wa Safara'u cewa akushin yana nan a saman kabad ɗinsu. Duk Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya sauko da shi, ya goge, ya mayar. Bai taɓa yarda a zuba masa komai a ciki ba.

Darasi: Ruɓaɓɓen abu ba ya gyaruwa don an lulluɓe shi da sabo, ko rufin ɗaki ne ko amana. In an ba ka aikin da ba mai gani, ka yi shi kamar ɗanka ne zai kwana a ƙarƙashinsa, domin ranar da tsoro ya kama ka, ƙafarka ce za ta faɗi abin da bakinka ya ɓoye. Kuma in mai gaskiya ya gaya maka abin da ba ka so, ka je ka duba kafin ka zage shi. Ku tura wa kafinta da magini da duk wanda aka bar wa tsohuwa ko maraya ya kula da su, wataƙila akwai wanda zai koma ya gyara tun kafin hadari ya haɗo.